Jan Katin Shanga Ya Bi Ni Har Yelwa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Gasannin Ƙwallo na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya hidimar jama'a?

Ranka ya daɗe, sunana Haruna, direban kwale-kwale a Warra, kuma mai tsaron gidan ƙungiyar masunta ta garin. Kuka na kawo, amma da fara'ata.

Na farko, ga yadda na samu jan katin. A gasar kofin Sallah da kuka shirya a Shanga, alƙalin wasa ya ba ni katin gargaɗi don na yi masa gardama. Wannan na yarda, bakina ya jawo. Kati na biyun kuwa wai ɓata lokaci ne, alhali ƙwallo ta faɗa gonar shinkafa, na shiga laka har gwiwa na ɗauko. Kati biyu suka zama ja, a ranar kuma aka fitar da mu daga kofin.

Na biyu, da lig ya fara, na kwaso 'yan wasanmu a jirgina, har da surukina da ya bar komarsa don ya gan ni a raga. Muna isa filin Yelwa, na riga na sa safar hannu, sai wakilinku ya ce, “Malam Haruna, yau kallo za ka yi. Katin Shanga bai wanke ba.”

Abin da na sani shi ne, wanda ya kai naushi ko ya zagi alƙali, dakatarwarsa tana bin sa kowace gasa, kuma hakan daidai ne. Amma mai kati biyu na gargaɗi, a wurare da yawa hukuncinsa yana jiran sa a gasar da ya yi laifin. Idan naku tsarin daban yake, ba laifi, sai dai ba wanda ya taɓa faɗa mana. Wani mai tsaron bayan ƙungiyar Ngaski da aka kora irin korata ya buga wasansa a makon da aka hana ni, ba wanda ya tanka.

Na uku, kuma nan ne ciwon: Sani mai gyaran inji, wanda aka sa a madadina, ya tare fenariti, muka ci wasan. Na fi kowa tsalle. Amma tun ranar koci bai sake kallon inda nake ba. Dakatarwar wasa ɗaya ta ƙare, ni kuwa har yau ina benci ina raba ruwa. Surukina ma Sani yake tambaya.

Roƙona, ranka ya daɗe: ku fayyace wane kati ke tsallakawa wata gasa, wane ke tsayawa, a karanta wa ƙungiyoyi kafin a fara. A sanar da mutum tun yana gida, kuma a yi wa kowa hukunci iri ɗaya.

Ragata ban ce ku karɓo mini ba, wannan tsakanina da Sani ne a filin atisaye.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raba ka da sharrin 'yan kallo.

Wassalam.

Naka,
Haruna Gola, Warra.