Fasinjojin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin wajenku? Tun da can madatsar ruwan da kuke ginawa babu sabis, dole na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban motar kayanku ya ce Laraba zai juya, shi ya sa nake sauri.

Maganar Baba ce. Kwamfutar nan da ka haɗa masa da sandar tuƙi don ya riƙa motsa hannunsa na dama da ya shanye, to ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Mai gashin ƙashi na asibiti ya ce yatsun sun fara kamawa. Da ya karya kumallo sai ya ja kujera gaban tebur, ya kunna wasan da ka sa masa, ya hau jirgin samansa mai farfela na yaƙin zamanin da, ya yi bismillah kamar zai tada bas. Har waiwaye yake yi yana neman madubi.

Ka san halinsa. Shekara talatin yana tuƙa bas, bai taɓa barin tasha bai rubuta sunayen fasinja a takarda ba. Da wasan ya haɗa shi da matuƙa bakwai masu sunayen da harshe ba ya iya juyawa, sai ya ce shi ba ya tafiya da wanda bai sani ba. Ya sa ni na goge na rubuta na mutanensa: nasa, naka, na Baba Mai Walda amininsa, har da na mai shagon bakin layi. Kuma ya zaɓi tsarin da in matuƙi ya mutu shi ke nan, babu sakewa. Wai a kan titi ma ba a sakewa. Muka yi ta dariya.

Yaya, dariya ta ƙare. Ranar Litinin aka harbo jirgin Baba Mai Walda, ya kama da wuta a kan idon Baba. Ranar Alhamis Allah Ya yi wa Baba Mai Walda rasuwa. Na san shekara guda yana fama da ƙoda, kowa ya sani. Amma da muka dawo daga ta'aziyya, Baba ko takalmi bai cire ba ya ce in canza sunayen nan. Na gwada, wasan ya ƙi.

Na ce to ya bari mana. Ya ce saura kwana goma sha biyu a lissafin wasan a gama yaƙi kowa ya koma gida, kuma direba ba ya sauke fasinja a tsakiyar daji. Yanzu ba ya harbin kowa, bayan jirginka kawai yake bi yana gumi. Jiya na auna jininsa, ɗari da saba'in. Ka tuna likita ya ce in ciwon shanyewar nan ya sake bugunsa ba lallai ya tashi ba. Wallahi tsoro nake ji. Ka faɗa mini yadda zan yi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Allah Ya jiƙan Baba Mai Walda, Ya sa ya huta. Amma ke da kika yi makaranta, har kya yarda kwamfutar da na saya ta hannu ta san ranar mutuwar mutum? Ita da ko kwanan wata sai an gyara mata? Kwanan bawan Allah ne ya ƙare, shi ke nan.

Ga abin da za ki yi. Ki bari sai ya shiga wanka, ki buɗe wurin da aka jera sunayen. Can ƙasa ta hagu akwai wani jan akwati, ki danna, ki ce e, wasan zai goge gaba ɗaya. Zai yi faɗan kwana biyu ya huce. Sai ki fara masa sabo, ki sa sunayen kaji da awaki. Kuma ki gaya masa in dai ni ne matuƙin, ya daina bina kamar an ba shi kiwo, ko keke ban taɓa yarda ya riƙe mini ba.

Mu nan mun shiga haƙar ramin da ruwa zai bi ta ƙarƙashin dutse, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. In mota ta yi jinkiri kada ki tada hankalinki. Kada kuma Baba ya ji maganar ramin.

Ki gaishe shi, ki tabbata yana shan maganinsa.
Yayanki

*

Yaya,

Salam. Ina fatan wannan ta same ka, don ni ban ma san wa zai kawo maka ba.

Na bi shawararka, ta jawo mini. Na danna jan akwatin, saura in ce e, sai na ji an cafke mini wuyan hannu. Baba ne, da tawul a wuya, ashe sabulu ya dawo ɗauka. Ya ce, “Ɗan nawa za ki goge?” Na ce, “Baba, wasa ne fa.” Ya ce, “Na sani. Na yi istigfari ya fi a ƙirga. Kai ya sani, ƙirjin ne ya ƙi ji.” Sai da ya sake ni na lura da hannun dama ya riƙe ni. Har yanzu da shatin yatsunsa.

Washegari abin da yake gudu ya faru. Suka shiga gajimare, ya fito bai gan ka ba. Can ya hango jirginka yana hayaƙi yana yin ƙasa a yankin abokan gaba. Da ya sauka, aka rubuta a gaban sunanka: ya ɓace. Ba a ce ka mutu ba, ba a ce kana raye ba. A wasan nan wanda ya ɓace yakan dawo da ƙafa bayan 'yan kwanaki, ko a kawo labarin mutuwarsa. Kwanakin kuma ba sa tafiya sai Baba ya tashi jirgi. Don haka mutumin da likita ya ce ya riƙa yin rabin awa a rana, yanzu sau biyar yake tashi a yini, yana tura kwanaki da hannu.

Sannan ga Laraba ta wuce mota ba ta zo ba. Ranar Juma'a da hantsi rediyo ya ce ƙasa ta zaftare a hanyar madatsar, ta toshe hanya, ta kuma rufe bakin wani rami da ma'aikata a ciki. Ban gaya masa maganar ramin ba, amma yana kallon fuskata ya gane. Na je ofishin kamfaninku, wani mai tabarau ya ce ba su da sunaye tukuna, in bar takarda a kwali. Da Baba ya ji ya ce, “Sun shigar da mutane rami ba su rubuta sunayensu ba?”

Jininsa ɗari da casa'in. In na kashe kwamfutar zan kashe shi, in na bar ta ita za ta kashe shi. Don Allah ka yi magana, ko da kalma ɗaya ce.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar Talata aka harbo Baba. Saura kwana uku a gama yaƙin. An tura su gabas, shi kuma ya karkata ya bi ta inda ka faɗi, yana ƙasa-ƙasa yana leƙen gonaki ko zai hango ka. Bai ga na bayansa ba. Ina shara na ji ƙarar, na ɗago na ga allo ya yi ja, sai ga sunansa cikakke da baƙin layi a ƙasa. Da mutuwarsa wasan ya rufe gaba ɗaya, labarinka kuma ya tafi da shi.

Bai motsa ba. Na yar da tsintsiya na kira shi sau uku, na ce a raina shi ke nan, ta faru. Can ya ce in ba shi ruwa. Ya sha ya ce, “Mai Walda kwana uku ya yi bayan an harbo shi.”

Tun daga nan ya aske, ya yanke farce, ya nuna mini inda takardun gida suke, ya kira maƙwabta ya nemi gafara. Na ce, “Haba Baba!” Ya ce in abin da wasan ya nuna na direba ya tabbata, to na fasinja ma ya tabbata, in kuwa ya ga Asabar, na'urar ƙarya take yi. Kujera ya sa a bakin ƙofa ya zauna yana jira. Ni kuma duk tarin da ya yi sai na leƙo na duba shi.

Yau Alhamis. A ofis har yanzu takarduna na cikin kwali.

Taka, Auta

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ni ne mahaifinka.

Na mutu ranar Talata. Yau Asabar, na yi wanka, na ci abinci har da ƙari. Ashe na'urarka ba ta san komai ba. Tun da ba ta san nawa ba, ba ta san naka ba. Na sa Auta ta naɗe ta a zani ta ɗora kan kwaba.

An ce gobe za a buɗe hanya. Na rubuta sunanka a takarda na ba mai tabarau, na ce ya nemo mini fasinjana.

Kada ka yi dariyar rubutun nan, layi ɗaya sai na huta. Ba Auta ce ta rubuta ba. Ni ne, da hannun dama. Ka zo ka gani.

Allah Ya yi maka albarka.
Babanka