Ranar da Mama Ta Sa Gishiri

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar taki, yaya sabon ɗaki? A gaishe min da Goggo da Auta. Ni lafiyata ƙalau. Aikin guga a otal ɗin nan ba wuya, tsayuwar ce kawai. Ƙafa takan ɗan kumbura da yamma, amma kada ki sa a ranki.

Auta ya ba ni labarin da ya sa na ajiye dutsen guga na zauna. Ya ce tun da Baba ya sake ki kika koma ɗakin nan, miyarki ba gishiri, kamar yadda kika saba yi saboda hawan jininsa. Da ya tambaye ki, kika ce hannun ne bai samu labari ba. Sai ran nan ya ga kin ɗebo gishiri kin zuba, kin ɗanɗana, kika ce, "Ashe dai na iya girki."

Wallahi Mama, ban taɓa ganin mace irinki ba. Shekara talatin da ɗoriya kina cin lami don lafiyar mutum, ya sallame ki, ko sau ɗaya ba ki zage shi a gabanmu ba. Da ni ce, da duk unguwa ta ji. Har yau ban ɗaga wayarsa ba, kuma kada ki roƙe ni.

Na aiko miki da man zafi, ki riƙa shafawa. Allah ya ƙara lafiya.

Ki ajiye min cokali. A hannunki na girma, amma ban taɓa shan miyar da kika dafa don bakinki ba.

'Yarki ta fari