Gaisuwa a Kan Sakaina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga 'yarki Hauwa, wadda ke zaune yanzu a Safana cikin ƙasar Katsina, zuwa ga mahaifiyata Inna, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Bayan haka.

Inna, na san ba a aika wa mamaci saƙo, maigidana Malam ma ya tuna mini da haka. Amma tsoro ya cika mini ciki, kuma tun ina ƙarama ke kaɗai nake iya faɗa wa ina jin tsoro ba tare da kunya ba. A kan allunan Malam nake rubuta miki, don takarda ta ƙare. In na cika allo sai in karanta wa matan da muka yi gudu tare, su saurara, sannan in wanke in ci gaba. Ba ni kaɗai ke da uwa a ƙasa da 'ya a daji ba.

Za ki yi mamakin jin ina Safana ba Babban Duhu ba. Ki yi haƙuri, zan faɗa miki tun daga tushe, kuma tushen yana hannunki.

Kin tuna gefen takardun da Baba ke yankewa in yana juyar littattafai? Kowa sharewa yake yi, ke kuwa tsincewa kike yi, ki adana a ɗan lefe. In Salla ta gabato sai ki baje su a kan tabarma, ki goge kowacce da ɗan dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Baƙar tawadarki ta bagaruwa ce da ƙaro. Ja kuwa daga karan dafi kike jiƙo shi da 'yar kanwa, rawaya daga saiwa, shuɗi kuma ni kike aika marina in roƙo ɗan shuni. Ki fere alƙalamin gamba, ki zana dagi a kusurwa, ki kewaye da zanen ƙafar kaza, a tsakiya ki rubuta barka da Salla ko barka da haihuwa. Sai ki naɗe cikin guntuwar fata ki ba duk mai tafiya wajen danginmu.

Ranar da na tambaye ki amfanin wannan wahala alhali ana iya ba da sallahu da baki, kika ce, "Zumunta a ƙafa take, Hauwa. In ƙafa ta kasa zuwa, sai hannu ya je."

Jikarki Ramatu, autata, ta fi ni ɗaukar wannan aiki. Ita ce ke zama gefenki tana dama tawada har yatsunta su rine. Ba ki ga aurenta ba. Bara aka kai ta wani ƙauye a gefen Ruma, bakin daji, gidan wani manomi mai suna Sale, yaro mai kunya wanda ita da kanta ta ce tana so. Da ta sami ciki na so ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Amma tun da damina ta ja baya ake ta raɗe-raɗin mahara daga arewa, dangin mijinta suka ce hanya ba kyau, a bari tukuna. Na yarda. Har na zauna na yi mata takardar barka tun kafin ta haihu, na zuba mata duk ragowar shunin da nake da shi.

Da hantsi ne, muna sussukar gero a bayan gida, wata mata ta ajiye taɓarya ta nuna sama. Hayaƙi ne wajen Ruma, baƙi ƙirin, ba irin na ƙona gona ba. Kafin azahar mutane suka fara shigowa a guje, ƙafafu duk ƙaya, wata da goyo babu zane a kafaɗa, wani tsoho da kibiya a cinya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba fuska. Ramatu ba ta ciki.

Mai gari ya sa aka yi shela kowa ya tattara a tafi Safana, inda akwai ƙafi da 'yan baka. Na ce ba inda zan je, don in Ramatu ta tsira nan za ta nufo. Malam bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Hauwa, in kika zauna ta zo ta tarad da gawarki, taimakonta kika yi? Tashi mu tafi." Na shiga ɗaki in ɗauki abin da hannu ya kai. Sai da muka yi nisa na lura tukunya ban ɗauko ba, lefen tawadarki ne a kaina.

A Safana na sami gwaggon Sale cikin waɗanda suka tsira. Ta ce da idonta ta ga an ɗaure Sale a igiya tare da wasu samari, an kora su gaban dawaki. Ramatu kuwa tana rafi da wasu mata lokacin da abin ya faru, an ga sun watse cikin daji. Inna, watan haihuwarta ne. In na rufe ido sai in gan ta tana jan ciki a ƙarƙashin ƙaya, ko kuma ta lallaɓa ta isa Babban Duhu ta tarad da kango, ga shi an ce maharan suna komowa garuruwan da aka bari don kwasar hatsi.

Akwai wata Bafulatana mai suna Dudu da ke kawo nono cikin gari. Na tare ta a bakin ƙofa na riƙe mata zane. Ta ce rugage duk sun ja cikin duwatsu inda doki ba ya shiga, kuma akwai mutanen ƙauyuka da yawa da suka fake a wurinsu. Na ce ta yi mini cigiyar Ramatu. Sai ta girgiza kai ta ce, "Yaya Hauwa, yanzu ba mai amsa sunansa. Maharan sukan turo mutum shina kiran sunaye, wai a fito an tafi, wanda ya fito a kama shi. Ko na kira ta ba za ta amsa ba. Ki ba ni abin da in ta gani za ta san daga hannunki ya fito."

Nan na zauna a gindin bango na buɗe lefenki. Takarda 'yar kaɗan ce ta rage, rugage kuwa suna da yawa, kowace mai nono da hanyarta. Da ta ƙare na rasa abin yi, har idona ya faɗa kan wata ƙwarya da ta fashe a wajen gudu. Na fasa ta ƙanana, na kankare kowace sakaina da wuƙa, na goge da yashi. Da farko tawadar bajewa take yi, sai da na shafe fuskar da ruwan ƙaro na shanya sannan ta kama. Shuni babu, rawaya babu. Baƙi da ja kawai na samu, jan ma wani baduku ne ya sam mini karan dafi.

Dagin da na zana da kin gani da kin karɓe alƙalamin. Layukan duk sun karkace. In doki ya yi haniniya a bayan ƙafi sai tawada ta ɗige. Malam ya ce kada in rubuta inda muke, kada abin ya faɗa hannun da bai kamata ba. Don haka a tsakiya, inda kike sa barka da Salla, na rubuta: Ramatu, muna gaishe ki, muna raye, kada ki je gida, ki yarda da mai nono.

Matan gidan da aka sauke mu suka kewaye ni. Wannan na kankara, waccan na dama ƙaro, kowacce tana cewa a yi wa nata. Talatu, maƙwabciyarmu ta Babban Duhu, ta ce a yi wa ɗanta da ya tafi Ruma sayen iri bai dawo ba. Ba ta iya karatu, amma ta ce in zana masa zakara, don tun yana yaro ake tsokanarsa da shi. Na zana, ya fito kamar angulu, muka yi dariya. Ita ce dariyar farko da na ji tun da muka zo. Masu nono suka ɓoye sakainun a ƙarƙashin faifai suka tafi da su.

Jira ya fi gudu wuya, Inna. Duk ranar da masu nono za su shigo muna bakin ƙofa tun da sassafe. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta zo ta durƙusa gaban Talatu, ta ciro sakaina mai zakara ta ajiye a ƙasa. Makiyaya sun nuna ta a wata ruga, wani ya gane wanda ake nufi, ya ce su suka binne shi a bakin rafi. Talatu ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ɗauki sakainar ta sa cikin zane, ta ce, "To, yanzu na san inda shike." Daga ranar muka gane cewa in sakaina ta dawo, mutuwa ta kawo. Na koma ina roƙon Allah kada in ga tawa.

Jiya na gan ta. Dudu ta shigo, ta sauke ƙwarya, ta ɗaga faifai, sai ga karkataccen dagina. Ban san lokacin da na zube ba. Na ji ƙasa a bakina, na ji mata suna salati a kaina. Dudu ta girgiza ni da ƙarfi ta ce, "Ke, tashi! Juya bayanta ki gani. Jika kika yi!"

A bayan sakainar an rubuta da gawayi, rubutun duk ya dusashe: Inna, ki zo.

Ga abin da Dudu ta faɗa mini. Wasu mata masu itace ne suka tsinci Ramatu a cikin wani kwazazzabo, naƙuda ta riga ta kama ta. Suka kai ta rugarsu a gindin dutse, ta haifi 'ya mace. Ta ƙi faɗin sunanta da garinsu, duk wanda ya tambaye ta sai ta juya fuska. Da aka miƙa mata sakainar ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da kuka ta ce hannun uwarta ne, amma me ya sami uwarta layinta ya karkace haka? Jaririyar lafiyarta lau, tana shan nono. Ramatu kuwa zazzaɓi ya kama ta, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tsayuwa balle tafiya. Mutanen rugar sun yi iya ƙoƙarinsu, amma za su tashi su ƙara nisa don an ga sawun dawaki a mashayarsu. Kuma har yanzu ba ta san an tafi da Sale ba. Kullum tambayarsa take yi.

Gobe in Allah Ya kai mu zan bi masu nono. Dudu ta ara mini zanenta da ƙwarya, ta ce in sunkuyar da kai, in mun haɗu da kowa kada in buɗe baki don harshena zai tona ni. Ɗan'uwanta zai tare mu da takarkari a bakin dutse don ɗauko Ramatu. Malam ya so ya je da kansa, aka ce namiji baƙo a wannan hanya janyo ido yake yi. Ya ce, "Allah Ya tsare," ya fita waje don kada in ga idonsa.

Inna, ina jin tsoro. Ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron dajin da ko a zaman lafiya ban taɓa shiga ba. Ina tsoron ƙarar kofato a bayana, ina tsoron igiya a wuya da kasuwar da ba wanda ya san sunana. Ina tsoron in isa in tarar zazzaɓin ya riga ni. Abin da ya fi duka, ban san da wane baki zan gaya mata labarin mijinta ba. Na haɗa kanwa da ganyen wanka da ɗan gero na kunu, na kwance na sake ɗaurewa har Talatu ta karɓe ƙullin ta ce ita za ta riƙe mini zuwa safiya.

Saura abu ɗaya da ban faɗa miki ba, na bar shi ƙarshe don in na fara sai hawaye su hana ni rubutu. Da ranar suna ta zo, wani dattijo a rugar ya ce ba za a bar jinjira babu suna ba, ko da uba ba ya nan. Ya yanka ɗan akuyarsa, ya tambayi Ramatu wane suna take so. Ita da ta ƙi faɗin nata sunan, sai ta faɗi naki.

Kin ga ke nan ba ni da zaɓi. Uwata na kwance a gindin dutse cikin tsumma, ba ta da wanda zai goya ta. Kin goya ni ina ƙarama, Inna. Gobe ni zan je in goyo ki, in kawo ki gida.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah Ya rufe idon mahara daga gare mu, Ya ba Ramatu lafiya, Ya kwance igiyar Sale da duk wanda ke ɗaure, Ya ba Talatu haƙuri. Allah Ya raya takwararki, Ya sa ta tashi a ƙasar da ba a gudu. Amin.

Wassalam. Ni ce 'yarki mai kewarki kullum,
Hauwa.