Kashi Uku Cikin Ɗari

Sabo, Badun
Litinin

Zuwa ga Yaya Sakinat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da yara da mutanen Kano kuna lafiya. Na rubuto na ɗauki hoton takardar ne don kin san ni, a waya magana sarƙe mini take yi.

Kin san aikina a ofishin mujallar nan ta unguwar Mokola. Duk maƙalar da malaman jami'a suka aiko, ni nake sa ta a kwamfuta ta duba ko an kwafo ta daga wani wuri, sannan in sa hannu a fom kafin a buga. Makon jiya ta ƙanenmu Talha ta iso, a kan cinikin goro a Sabo. Kwamfuta ta ce kashi uku cikin ɗari kacal ya yi kama da rubutun wasu, wato babu laifi. Oga Edita har cewa ya yi, "Mijinyawa, gidanku akwai kai!"

To Yaya, sai na karanta. Akwai shafi huɗu na hira da Baba Jatau dillali, yadda ake tsintar goro a fitar da mai sankara, wato wanda tsutsa ta ci, kafin a ɗaure huhu. Talha ya ce shi ya yi hirar a 2016. Baba Jatau ya rasu a 2011. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Na yi zaton ƙwaƙwalwata ce ta gaza, na sauko da littattafan da nake rubuta al'amuran yau da kullum. Na duba sau uku. Hirar tawa ce, ta 2009, a littafin nan mai koren bango da Talha ya ara da ya zo Sallah. Juya ta kawai ya yi zuwa Turanci. Kwamfuta ba ta san rubutun hannuna ba.

Ranar Juma'a za a karɓi fom. Ban sani ba ko ni nake girmama abin.

Ƙanenki,
Mijinyawa

*

Kano
Talata

Mijinyawa,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Kai dai ba ka gajiya da duba abu sau uku! Littafin wa ya ɗauka? Na yayansa. Abin cikin gida kuma sata ne? Da takardar nan zai samu ƙarin girma, shekara huɗu yana jira. Injin da aka ba ka ya ce babu laifi, kai wa ya aike ka? Sa hannu, Allah ya rufa mana asiri.

A gaida matarka Tani.

Yayarka,
Sakinat

*

Sabo
Laraba

Zuwa ga Dakta Talha,

Assalamu alaikum. Ina fata aiki yana sauƙi.

Na fara wannan takarda sau biyu ina yagawa. Na ga hirar Baba Jatau a maƙalarka. Ba don sunana nake magana ba, wa zai nemi sunan mai takardar sakandare a mujalla? Yaya Sakinat ta ce in sa hannu, jiya har na cire murfin biro.

Abin da ya tsayar da ni shi ne shekarar. Wanda zai duba maƙalar bayana haifaffen Sabo ne, a bayan rumfar Baba Jatau ya girma. Ko shi bai lura ba, Alhaji Zubair ɗan Baba yana nan da ransa, jikokinsa suna jami'a. Ranar da wani ya tambayi yadda ka yi hira da mamaci, kai za a kora, ni kuma hannuna ne a ƙasa.

Ka tuna abin da Baba ya ce a shafi na uku, wanda ka juya da kyau ƙwarai: goro ɗaya mai sankara, in ka bar shi don kunyar mai kaya, huhun duka za ka zubar.

A fom akwai gida biyu, "a buga" da "a mayar wa marubuci". Idan ban ji daga gare ka ba kafin a tafi masallaci ranar Juma'a, na biyun zan cika, kuma dole in rubuta dalili. Wataƙila na yi kuskure. Na duba, ban ga inda yake ba.

Yayanka,
Mijinyawa

*

Juma'a, da hantsi

Yaya,

Salam. Kwana biyu ina fushi da kai, ban gama ba tukuna. Na rubuta wa Edita na janye maƙalar don gyara. Zaman ƙarin girma na bana ya wuce ni ke nan, sai baɗi in da rai. Kada ka faɗa wa Yaya Sakinat, ni zan kira ta.

Ka turo mini hoton shafin farko na koren littafin, inda kwanan wata yake. Sannan wane suna zan sa a ƙasan hirar, Mijinyawa, ko Muhammad Sani na takardar makaranta?

Kada ka duba sau uku. Ka zaɓi ɗaya.

Ƙanenka,
Talha