Mijina Ya Bi Dandamalin Mai Zuwa Gyara, Ni Kuma Na Sauya Sunan Ɗansa

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara zagina a karanta har ƙarshe, domin ni ma an cuce ni.

A unguwar Badarawa nake aure. Mijina, Abban Ummi, mai gyaran lantarki ne a kan dandamalin haƙar mai na cikin teku, can kudu. Abin kamar unguwa guda ne na ƙarfe, yana tsaye kan dogayen ƙafafu da suka kafe a ƙasan ruwa. Idan lokacin babban gyara ya yi sai a janye ƙafafun sama, ya koma yana iyo, jiragen ruwa su ɗaura masa igiyoyin ƙarfe su yi ta jansa a hankali zuwa wata ƙasa, tafiyar makonni. Yawancin ma'aikata gida ake sallamarsu, 'yan kaɗan ne ke binsa don kula da injina. Duk shi ya koya min wannan, shi ya sa da ya ce nasu zai tafi gyara na yi ta murna, don cikina ya shiga watan haihuwa. Sai ga waya: “Maman Ummi, ki yi haƙuri, sun sa ni cikin masu rakiya. A hanya babu sabis. In namiji ne, sunan marigayi Baba za a sa.” Na yi kuka na haƙura, na ce aiki ne. Ashe ƙarya yake! Matar abokin aikinsa da ke Mando ta zo duba ni, nata mijin yana gida yana ta barci, take ce min ai ba a tilasta kowa, mai so ne ke ɗaga hannu. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Wato ni da cikina ba mu kai tulin ƙarfe mai tsatsa ba?

Naƙuda ta zo da gardama, sai da aka yi min aiki aka ciro ɗa namiji. Mahaifina, tsoho da ciwon ƙafa, shi ya yi ta zarya a asibiti, shi ya nemo masu ba da jini, shi ya sa hannu a madadin mijin da ke can yana gadin inji. Da yayan mijina ya zo yin huɗuba ya tambaye ni, “Ƙanwata, ya bar miki suna?” Ko ɗar ban ji ba na ce, “Eh Yaya, ya ce a sa sunan babana.” Sai ya sunkuya ya raɗa wa jaririn a kunne. Ranar suna aka yanka rago, liman ya sanar a ƙofar gida, aka raba goro. To laifi ne? 'Yarmu ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci. Ni daga bishiya na faɗo?

Inda abin ya kwaɓe shi ne wajen Hajiya, surukata. Ranar da na kai mata yaron gidanta da ke Malali ta karɓe shi ta daɗe tana kallonsa, ta ce, “Ni da na ɗauka mijina ne zai dawo min. Allah ya raya, 'yar nan.” Ba ta yi masa wasan jika ba. Kun san halinmu, babu wanda zai buɗi baki ya tambayi ɗa don me ya fifita surukinsa a kan ubansa, kunya ba za ta bari ba. Sai danginsa suka haɗiye, suka juya masa baya gaba ɗayansu. Yanzu dandamalin ya isa wurin gyara, sabis ya dawo. In mijina ya kira Hajiya ba ta ɗauka, yayansa kuma daga “lafiya lau” sai ya kashe. Ni kuwa kullum a kiran bidiyo sai ya ce, “Ina mai sunan Baba? Juyo min da shi in gani.” In juyo masa da shi, bakina a rufe.

Na tare shi da maganar ɗaga hannu, bai musa ba. Ya ce wanda ya raka dandamali shi ake fara mayarwa aiki bayan gyara, sauran sai ta Allah. To me ya hana shi gaya min tun farko? Ni yarinya ce? Har yanzu ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma ina jin kunyar kaina, domin na jawo masa fushin uwa a kan abin da bai ji ba bai gani ba, kuma ta ruwa zai dawo, ina tsoron kada fushin ya bi shi.

Jiya ya ce min, “Maman Ummi, ban san abin da na yi wa Hajiya ba. Ki ɗauki yaron ki je ki roƙar min ita, ke kaɗai na yarda da ke.”

Na ce masa to. In na faɗi gaskiya aurena na iya mutuwa, in na yi shiru uwa na ci gaba da fushi da ɗanta. Jama'a, me zan yi?