Efua Na Neman Hoton Ɗiyata

Hajiya Habsatou, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ɗiyata Aishatu Humaira ta rasu wata biyar ke nan. Aikin kula da tsofaffi take yi a nan Bronx, cikin New York. Ita ke karanta mini wasiƙu, ita ke raka ni asibiti. Yanzu ko wannan da ƙyar na rubuta.

Abokiyar aikinta, wata 'yar Gana mai suna Efua, ta tare ni a Fordham Road. Wai in ba ta hoton Humaira, za su kafa a taron ranar mata, 8 ga Maris, saboda ita ce ta tsaya aka daina hana su hutun rashin lafiya. Hajiya, ni 'yar Yamai ce. Ranar mata 13 ga Mayu ce, ina da atamfarta har kala uku a akwati. Ina aka samo Maris? In ta yi ƙarya a kan rana, me za ta yi da hoton? Ana zamba da takardun matattu a garin nan, ana kuma kai hoto wurin boka. Gaskiya Efua ta zo gaisuwar rasuwa, ta yi kuka, har abinci ta kawo. Amma yanzu ko wayarta ba na ɗauka. Hoton nan shi kaɗai ne na takarda, kullum sai na goge shi.

Uwar Humaira, Bronx

Uwar Humaira, Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri.

Efua ba ta yi miki ƙarya ba, ke ma ba ki yi kuskure ba. Ranaku biyu ne. Ta 13 ga Mayu taku ce ta Nijar, tun ranar da mata suka fito zanga-zanga a Yamai a 1991 suna neman a ba su kujeru a shirin taron ƙasa. Ta 8 ga Maris ta duniya ce. A nan New York aka yi wata ranar mata tun 1909, lokacin da mata masu ɗinki a masana'antu ke kukan wahalar aiki, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikin 8 ga Maris a 1975. Abin da Humaira ta yi wa abokan aikinta, irinsa ne ya haifi ranar.

Taka-tsantsan ɗinki ma yana da wuri. Kada ki ba kowa takardunta, kada hoton ya bar hannunki. Ki tambayi Efua wurin taron da masu shirya shi. In zuciyarki ta kwanta, a yi kwafi a gabanki. In ba ki so a kafa fuskarta, a ambaci sunanta a yi mata addu'a, ya isa.

Amma ki ɗauki wayar nan yau. Ranar kuma ki ciro atamfarki ta Mayu ki je da kanki, ki ji yadda ake faɗin sunan ɗiyarki. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Habsatou