Inna Ta Sa Siket

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na je gida Ƙofar Durbi yau, na iske Inna cikin siket. Inna, mai shekara saba'in da biyu. Na daskare a bakin ƙofa. Kuma ba wani yadi ba ne, baƙin saƙin da kakarmu ta bar mata ne aka yanka, aka zura masa roba a ƙugu. Matar da ta ƙone mini siket a murhu ina aji uku a sakandare, wai ɗiyarta ba ta yawo cikin buhu. Tun ranar zane nake ɗaurawa, har ofis.
Na ce, "Inna, wa ya yi wannan aiki?" Ta ce, "Sammani tela. Mi ya dame ki?"

Talata, 7 ga Mayu
Na buga wa Yaya Yazid waya. Dariya kawai ya yi.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na je shagon Sammani da niyyar faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce da ƙafarta ta zo, zannuwa huɗu ta kawo. Ya rage murya: "Hajiya Rukayya, ƙullin ledar ma ni na kwance mata. Ki duba hannunta na hagu."
Ban san yadda na fito ba.

Juma'a, 10 ga Mayu
A'isha maƙwabciyarta ta gaya mini sauran. Wata guda ke nan, Inna na saukowa daga keke a Ƙofar 'Yandaka za ta suna, zanenta ya kwance a bakin titi. Ta yi ta ƙoƙarin ɗaurawa, hannun ya ƙi. Da fatari ta tsaya gaban mutane, sai da wata mai awara ta zo ta ɗaura mata. Ta sa A'isha ta rantse ba za ta faɗa ba.
Na shiga ɗaki na ce, "Inna, kama hannuna ki matse." Ta daɗe tana kallona. Ta matse. Kamar riƙon jariri.
"Kar ki hwaɗa ma Yazid," in ji ta.
Kowane mako ina gidan nan. Ina idona yake?

Litinin, 13 ga Mayu
Asibiti. Hawan jini, kuma shanyewar ɓarin jiki ce ta ɗan taɓa ta. Likita ta tambaye ni me ya sa ba mu zo da wuri ba. Na gaya wa Yaya. Bai yi dariya ba.

Asabar, 18 ga Mayu
Bikin 'yar Baƙo, ɗan'uwanmu. Inna ta ce ba ta zuwa, tsofaffi za su yi ta kallonta. Na ce ta shirya, ina nan tafe. Atamfata shuɗiya na kai wa Sammani ranar Laraba, ban gaya wa kowa ba.
Da na shigo, Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce siket ɗin ya yi mini tsawo. Ta ɗauko mayafinta.
An kalle mu, mu biyun. Hawa keke dai ya fi sauƙi, wannan kaɗai zan ce.